Yadda ƙwayoyin cutar dabbobi ke miƙa wa juna makamin bijire wa magani

Tambaya: Ina kiwon kaji da 'yan maruƙa. Maganin da na saba zuba wa kajin a ruwan sha guda ɗaya ne, oksitetirasaikilin. Da mutuwa ta yi yawa sai na kai gawar wasu ɗakin gwaji, sakamako ya nuna E. coli ce, kuma ba ta jin magani huɗu, uku daga ciki ban taɓa sayensu ba. Bayan wata biyu maruƙan suka kama zawo, gwaji ya nuna Salmonella, ita ma magungunan nan huɗu ba sa yi mata komai. Yaya ƙwayar cuta ke bijire wa maganin da ba ta taɓa gamuwa da shi ba, kuma ta ina abin ya tsallaka daga kaji zuwa shanu?

Amsa: Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Takardun nan biyu da ka bayyana ba kuskuren ɗakin gwaji ba ne. Duk wanda ya daɗe yana shuka ƙwayoyin cuta a faranti ya saba ganin irinsu, kuma idan jinsin bakteriya biyu daban suka fito daga gona ɗaya da jerin magunguna iri ɗaya da ba sa ji, zargin farko yana kan abu guda: wani ɗan zoben DNA da ɗaya ta miƙa wa ɗaya. Karanta DNA ɗinsu ne zai tabbatar da hakan ɗari bisa ɗari, amma alamar da ka gani ita ce alamarsa.

Da farko mu kawar da wata magana da masu kiwo ke yawan yi, wai jikin kaza ya saba da magani. Jikin kazar yana nan yadda yake. Bakteriyar da ke cikinta ce ta samu makami, kuma makamin rubutacce ne a cikin DNA ɗinta, a wani ɗan yanki da za mu kira ƙwayar gado. Kowace ƙwayar gado umarni ce na ƙera abu ɗaya. Wata tana sa bakteriya ta ƙera sinadarin da ke datse fenisilin da danginsa kafin su yi aiki. Wata tana gina famfo a bangon bakteriyar, maganin na shiga ana tofar da shi waje. Haka yawancin E. coli ke yi wa tetirasaikilin ɗinka. Wata kuma tana sauya siffar wurin da maganin ke kamawa, ya zo ya rasa inda zai riƙe.

Da a ce waɗannan umarnin suna zaune ne kawai a babban kundin gadon bakteriya, wato kuromosom, da abin ya zo da sauƙi, domin sai 'ya'yanta kaɗai za su gāda. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Bakteriya da yawa suna ɗauke da wasu ƙananan zobba na DNA, ban da kundin, waɗanda ake kira filasmid. Filasmid na kwafar kansa da kansa, kuma manyansu suna ɗauke da umarnin tafiya. Bakteriyar da ke da shi takan fitar da wani siririn gashi, ta kamo maƙwabciyarta, ta jawo ta jiki da jiki, sannan ta zura mata kwafi ɗaya ta riƙe ɗaya. Wadda ta karɓa ta zama mai bijirewa a take, kuma ita ma ta zama mai bayarwa. Ba sai sun zama jinsi ɗaya ba. E. coli na ba Salmonella, tana ba Klebsiella, su ma suna ba ta. Zama da maɗaukin kanwa ne, a zahirinsa.

Wannan abu ya girgiza masana lokacin da aka fara ganinsa. A Japan ne, a shekarun 1950, lokacin da atini ke addabar mutane. Likitoci suka riƙa samun Shigella, mai jawo atinin, tana bijire wa magani huɗu a lokaci guda: salfa, sitireftomaisin, kuloramfenikol da tetirasaikilin. Canjin gado da ke faruwa kwatsam ba ya iya bayyana haka, domin kowane magani hanyar aikinsa daban, kuma a ce canji huɗu sun faɗo tare abu ne da lissafi ba ya ɗauka. Sai aka lura E. coli ta cikin hanjin majinyatan ma tana da wannan jerin. A 1959 ƙungiyoyin bincike na Ochiai da na Akiba suka haɗa jinsunan biyu a kwalba, suka ga bijirewar ta tashi daga wannan ta koma wancan gaba ɗayanta. Tsutomu Watanabe, wanda ya sanar da sauran duniya wannan aiki a farkon shekarun 1960, ya siffanta abin da gado mai yaɗuwa kamar cuta. Ka duba yadda labarin ya yi kama da naka: magani huɗu, jinsi biyu, hanji ɗaya ko gona ɗaya.

To me ya sa huɗu, ba ɗaya ba? Saboda ƙwayoyin gadon bijirewa ba sa tafiya ɗaiɗai, a ɗaure suke kamar dami. Akwai wasu gutattsarin DNA masu tsalle, da ke yanke kansu ko su kwafi kansu daga wani wuri su manne a wani, kuma sukan kwaso duk abin da ke tsakaninsu. Akwai kuma wani tsari da ake kira intagiron, wanda aikinsa kama ƙwayoyin gado ya jera su ɗaya bayan ɗaya ƙarƙashin makunni guda. Irin da aka fi samu a gonaki da asibitoci yana zuwa da ƙwayar bijire wa salfa a manne a wutsiyarsa, tare da wata ta jure wasu sinadaran wanke ɗaki. Shekara da shekaru ana wannan ɗinki, har filasmid ɗaya ya zama yana ɗauke da makami biyar, takwas, ko fiye.

Yanzu ka sa oksitetirasaikilin a ruwan sha. Maganin ba ya tambayar me kuma me ke cikin damin. Yana kashe ko ya danne duk bakteriyar da ba ta da famfon tetirasaikilin, ya bar masu shi. Masu shi kuwa, tunda famfon yana kan filasmid ɗaya da sauran ukun, sun tsira da kayansu duka. Wurin da matattun suka bari, da abincin da suka bari, ya zama nasu, kuma E. coli a yanayi mai kyau tana rabuwa biyu cikin kusan minti 20. Wadda jiya ita ce ɗaya cikin miliyan, bayan 'yan kwanaki ita ce mai gida. Maganinka bai ƙirƙiri bijirewar ba. Ya zaɓe ta ne, ya share mata fili, ya kuma biya kuɗin jigilar sauran ukun da ba ka taɓa saya ba.

An gwada wannan a fili, ba a kwalba kawai ba. Stuart Levy da abokan aikinsa sun kafa gwaji a wata gona kusa da Boston a Amurka, suka buga sakamakon a 1976. Sun raba kaji gida biyu, suka sa wa rabi oksitetirasaikilin a abinci. Cikin mako guda kusan dukkan bakteriyar hanjin waɗanda aka ba maganin ta zama mai bijire masa. Bayan 'yan watanni sai ga bijirewa ga magungunan da ba a taɓa ba kajin ba. Kafin wata shida ya cika, abin ya bayyana a jikin iyalin da ke zaune a gonar: kusan kashi 31 cikin 100 na samfuran bayan gidansu sun cika da bakteriya mai bijire wa tetirasaikilin, alhali na maƙwabtansu bai kai kashi 7 ba. Mutanen nan ba su sha maganin ba, ba su ci kajin ba. Kusan shekara hamsin ke nan da wannan gwaji, kuma har yau ina ganin shi ne amsa mafi gajarta ga tambayarka.

Za ka ce, to daga ina filasmid ɗin ya shigo gonata tun farko? Asalin makaman tsoho ne ƙwarai. Yawancin antibayotik daga halittun cikin ƙasa aka samo su, musamman dangin Streptomyces, kuma halittar da ke ƙera guba dole ta san yadda za ta kare kanta, maƙwabtanta ma dole su koya. A 2011 masu bincike a Kanada sun hako ƙasa daskararriya mai shekara 30,000, suka samu ƙwayoyin gadon bijire wa tetirasaikilin, da dangin fenisilin, da bankomaisin a ciki. Ƙwayar gadon da ake kira CTX-M, wadda yau ke lalata manyan magungunan sefalosforin a asibiti da gona, an gano asalinta a kuromosom ɗin wata bakteriya da ba kowa ya damu da ita ba, Kluyvera. Gutsuren DNA mai tsalle ne ya ɗauko ta ya ɗora a filasmid. Amma hanyar da ta fi kusa da kai ita ce ta 'yan tsaki da sabbin dabbobin da ka shigo da su. Ɗan tsako na iya fitowa daga injin ƙyanƙyasa ɗauke da bakteriyar iyayensa. Suwidin da Nowe misali ne mai kyau: ba sa ba kajin nama sefalosforin, amma wajen 2010 da 2011 suka tarar da E. coli mai bijire masa a kajinsu, da aka bi sawu sai aka ga ta shigo ne tare da kajin iri da aka sayo daga waje, ta gangaro daga kakanni zuwa jikoki.

Wurin da duk wannan musaya ta fi gudana shi ne hanji, kuma a nan nake so ka tsaya ka yi tunani, domin nan ne masu kiwo suka fi yin sakaci. A giram ɗaya na abin da ke cikin babban hanji akwai bakteriya biliyan 10 zuwa biliyan 100, a cunkushe, ga ɗumi, ga abinci. Mafi yawansu ba sa cutar da dabbar, wasu ma amfani suke yi mata. Idan ka ba da magani ta baki don ciwon huhu ko don "kariya", ba ƙwayar cutar kaɗai yake samu ba, dukkan wannan jama'a yake ratsawa. E. coli marar cutarwa da ta tsira sai ta zama rumbun ajiya. Dabbar lafiyarta lau, tana ci tana sha, tana kuma zubar da miliyoyin masu ɗauke da filasmid a kowane kashi. Ran da Salmonella ta shigo hanjin, ko da ta zo tana jin kowane magani, za ta tarar da makamin yana jiranta. Akwai ma binciken da ya nuna kumburin hanjin da Salmonella ke jawowa yana sa ita da E. coli su yawaita tare, musayar filasmid tsakaninsu ta ƙaru ƙwarai.

Shi ya sa ɗan magani kaɗan na tsawon lokaci ya fi cikakken magani na 'yan kwanaki ɓarna. Wannan ɗabi'a ta samo asali ne daga Amurka wajen 1950, lokacin da Thomas Jukes da Robert Stokstad suka lura cewa kajin da aka ba ragowar dusar haɗa kulotetirasaikilin suna saurin girma. Daga nan aka fara zuba antibayotik a abincin dabbobi masu lafiya. Ɗan abin da bai isa ya kashe ba ya isa ya zaɓa. Masu bincike a Jami'ar Uppsala sun nuna a 2011 cewa ko da ƙarfin magani ya yi ƙasa da abin da ke hana bakteriya girma har sau ɗari ko fiye, ga wasu magunguna, mai bijirewa tana samun fifiko a kan marar bijirewa. Ka auna wannan da abin da ke faruwa a ruwan sha: kaza mai lafiya ta sha da yawa, marar lafiya da ta fi buƙata ta sha kaɗan, ragowar maganin ya kwanta a bututu da mazubi inda bakteriya ke yin yauƙi, rana da zafi su rage ƙarfinsa.

Tsallakawa daga kaji zuwa maruƙa ba ta buƙatar wani abin mamaki. Takalmin da ka shiga ɗakin kaji da shi ka shiga garke, bokiti ɗaya, shebur ɗaya, ƙuda, ɓeraye, tsuntsaye, ƙurar shimfiɗar kaji da iska ke kwasa, ruwan wanki da ke gangarawa. Sannan taki. Babban kaso na maganin da dabba ta sha, daga kusan kashi 30 har zuwa 90 cikin 100 gwargwadon irinsa, yana fita a fitsari da kashi da sauran ƙarfinsa, don haka tarin taki wuri ne da bakteriya mai makami, da marar makami, da maganin da ke zaɓa tsakaninsu suke kwance tare. Tetirasaikilin na manne wa ƙasa ya daɗe. Wani bincike a manyan gonakin aladu uku a ƙasar Sin, da aka buga a 2013, ya gano ƙwayoyin gadon bijirewa iri 149 a taki da ƙasar da aka zuba masa, wasu sun ninka na wuraren da ba a amfani da magani sau dubbai. Ɗan maraƙi kuwa shi ne mafi sauƙin kamu, domin hanjinsa bai gama cika da nasa bakteriyar ba, duk baƙon da ya zo yana samun masauki. Idan kuma ana ba shi nonon saniyar da ke kan magani, wanda ba a iya sayarwa, to an haɗa masa baƙon da abin da zai zaunar da shi.

A kan maruƙa ne ma aka fara gane girman matsalar a dabbobi. A Ingila, tsakiyar shekarun 1960, E. S. Anderson ya bi sawun wani nau'in Salmonella typhimurium da ke yawo a maruƙan da dillalai ke tarawa daga gonaki daban-daban suna ɗura musu magani. Yana kallo nau'in ya riƙa ƙara makami ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan shekaru, ya kuma kama mutane. Wannan na cikin abin da ya haifar da rahoton kwamitin Swann a 1969, wanda ya ce a daina amfani da magungunan da ake yi wa mutane magani da su wajen ƙara wa dabbobi girma.

Kada ka ɗauka ƙwayoyin hanji kaɗai ke wannan. Masu jawo ciwon huhu a shanu, Pasteurella multocida da Mannheimia haemolytica, suna da wani nau'in dami da ke shiga cikin kuromosom ya kwanta, idan lokaci ya yi ya fito ya ƙaura zuwa wata bakteriya. Ɗaya da aka siffanta a 2012, daga saniya a wurin kiwon ƙiba a Amurka, yana ɗauke da ƙwayoyin gadon bijirewa 12. Shigarsa sau ɗaya na iya kashe amfanin yawancin allurai da likita ke da su don ciwon huhu. Akwai wasu hanyoyi biyu da ba su kai ta filasmid yawa a ƙwayoyin hanji ba: bairas masu cin bakteriya kan kwaso gutsuren DNA daga wadda suka fasa su kai wa ta gaba, wanda ya fi muhimmanci a Staphylococcus mai jawo ciwon hantsa, wasu kuma, irin su Campylobacter da Streptococcus suis, suna tsintar DNA ɗin matattu a kewayensu su ɗinka a nasu.

Na san ba ka tambayi batun mutane ba, amma kai da iyalinka da ma'aikatanka kuna cikin gonar, don haka ba zan tsallake shi ba. Hujjar da ta fi gamsar da ni ta fito ne daga tsohuwar Jamus ta Gabas. A 1983 aka fara ba aladu wani magani, nosiyotirisin, don ƙara girma. Ba a taɓa ba mutane shi ko danginsa a can ba. Cikin shekara biyu ƙwayar bijire masa ta bayyana a E. coli ta aladu, daga nan ta ma'aikatan gona, da iyalansu, da mutanen gari, da masu ciwon mafitsara, daga baya har a Shigella, wadda ba ta zama a jikin alade ko kaɗan. Ƙwayar gadon ce ta yi tafiyar, tana sauya abin hawa. Sai kolistin, tsohon magani mai wahalar da ƙoda wanda likitocin mutane suka ajiye, suka dawo gare shi a matsayin na ƙarshe bayan sauran sun gaza, alhali ana ta zuba shi a abincin aladu da kaji. A watan Nuwamba na 2015 masu bincike a Sin suka sanar da mcr-1, ƙwayar bijire wa kolistin ta farko da aka samu a kan filasmid. Sun same ta a kashi 21 cikin 100 na dabbobin da suka gwada, kashi 15 na ɗanyen nama, da kashi 1 na majinyata. Da ɗakunan gwaji na sauran ƙasashe suka buɗe firizojinsu suka duba tsofaffin samfura, sai ga ta a nahiyoyi da dama. A Sin ma an same ta a E. coli ta kaji tun daga shekarun 1980. Ta daɗe tana yawo ba wanda ya neme ta. Haka ƙwayar cfr, da aka fara gani a 2000 a wata Staphylococcus daga saniya a Jamus: maganin dabbobi fulofenikol na zaɓar ta, ita kuma tana karya linezolid, wanda asibitoci ke ajiyewa don cututtuka masu tsanani.

Adalci ya sa in ƙara da cewa ba gona ce tushen mafi yawan bijirewar da ke kashe mutane ba. Kiyasin da aka buga a 2022 ya ce mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 kai tsaye saboda bakteriya mai bijire wa magani, kuma babban ɓangaren wannan daga amfani da magani a jikin mutane da yaɗuwa tsakaninsu ne. Wani nazari a Holan ya kiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na E. coli mai karya sefalosforin da mutanen gari ke ɗauke da ita daga wasu mutane suka samo ta. Hanyar ma tana tafiya ta ɓangare biyu: nau'in MRSA (Staphylococcus mai bijire wa metisilin) na aladu da ake kira CC398 asalinsa daga mutane ne, ya shiga dabbobi, ya samo makaman tetirasaikilin da metisilin a can, ya dawo. Amma an kiyasta dabbobin kiwo sun sha antibayotik kusan tan 63,000 a 2010 kaɗai, kuma wanda ya fara biyan kuɗin wannan shi ne mai kiwon da maganinsa ya daina aiki, kamar yadda ya same ka.

Shin idan aka daina ba da magani bijirewar na ja da baya? Sau da yawa tana ja, wani lokaci da sauri, domin ɗaukar filasmid nauyi ne, kuma idan babu magani marar kaya ta fi mai kaya gudu. A lardin Kwibek na Kanada masu ƙyanƙyasa sun kasance suna yi wa ƙwai allurar seftiyofa, ɗaya daga cikin manyan sefalosforin. Da suka dakatar a 2005, bijire masa a Salmonella Heidelberg ta naman kaji ta sauka daga kashi 62 zuwa kashi 7 cikin 100, ta jikin mutane daga 36 zuwa 8. Da aka koma amfani da shi a wasu wurare, ta sake hawa. Sin ta hana sa kolistin a abinci don ƙara girma a 2017, kuma E. coli mai bijire masa a kashin aladu ta faɗo daga kashi 34 zuwa kusan kashi 5.

Sai dai damin nan da na bayyana yana iya hana saukar. Denmak ta haramta abofasin, maganin da ake ba dabbobi don ƙara girma, a 1995, saboda yana zaɓar Enterococcus mai bijire wa bankomaisin. A kajin nama bijirewar ta faɗi daga sama da kashi 70 zuwa ƙasa da kashi 6 cikin shekara biyar. A aladu kuwa ta tsaya cak wajen kashi 20 har shekara uku. Dalili shi ne ƙwayar bijire wa bankomaisin tana ɗaure da ta bijire wa tailosin, kuma ana ci gaba da ba aladun tailosin. Sai da aka rage shi daga 1998 sannan ta sauka. Ba ma sai antibayotik ba: zinki da tagulla da ake ƙarawa a abinci suna iya riƙe damin, domin ƙwayoyin jure musu kan zauna kusa da na bijire wa magani, kuma wannan na cikin dalilan da Tarayyar Turai ta hana ba 'yan aladu zinki mai yawa a matsayin magani daga 2022. Wasu filasmid ɗin kuma suna da wata dabara mai ban tsoro: suna ƙera guba mai daɗewa tare da makarinta mai saurin lalacewa, duk 'yar bakteriyar da ta rasa filasmid ɗin makarin ya ƙare gubar ta kashe ta. Akwai ma bijirewar da ba ta da nauyi ko kaɗan. Amurka ta janye enrofuloksasin daga kaji a 2005, amma Campylobacter mai bijire wa danginsa ba ta ɓace ba, saboda canjin da ta yi bai rage mata kuzari a hanjin kaza ba.

Daga nan za ka ga me ya sa ba na goyon bayan shawarar da za a fara ba ka, wato ka sauya zuwa magani "mai ƙarfi", ko ka sayi garin da aka haɗa magani uku ko huɗu a leda ɗaya, ko ka riƙa juya magunguna wata-wata. Idan makaman suna kan filasmid ɗaya, juyawa tsakaninsu ciyar da dami ɗaya ne da hannu daban-daban, kuma kowane sabon magani da ka shigo da shi gayyata ce ga damin ya ƙara ɗauri na biyar. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Ka kuma bambanta abu biyu da ake yawan cakuɗawa: kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalba kafin yanka ko sayar da nono da ƙwai, don ragowar maganin ya fita daga jiki ne. Wajibi ne a kiyaye su, amma ba sa fitar da bakteriya mai bijirewa daga hanji.

Abin da zan ce ka yi shi ne ka ɗauki takardun nan biyu ka zauna da likitan dabbobi, ku zaɓi magani daga cikin waɗanda gwajin ya nuna suna aiki, ku fara da mafi ƙanƙantar daraja a wurin likitocin mutane, ku bar kolistin da manyan sefalosforin da dangin enrofuloksasin sai in babu makawa. A maruƙa, a ware marar lafiya a yi masa shi kaɗai, da cikakken awo gwargwadon nauyinsa, na kwanakin da likita ya yanke. Ka sani kuma yawancin zawon maruƙa na makonnin farko bairas ne ko Cryptosporidium, waɗanda antibayotik ba ya taɓawa, kuma rashin ruwa a jiki ne ke kashe su. Ruwan gishiri da sukari na dabbobi da ci gaba da shan nono sun fi ceto. Dakashi isasshe cikin awa shida na farko bayan haihuwa ya fi kowace allura. A kaji, E. coli kan biyo bayan wani abu ne da ya buɗe mata ƙofa: warin fitsarin shimfiɗa mai jiƙa, ƙura, cunkoso, rashin iska, ko ciwon numfashi da rigakafi zai iya tarewa. Idan ba a gyara wannan ba, duk maganin da aka kawo zai bi sawun oksitetirasaikilin.

Ka daina zuba magani a ruwa ga kajin da ba su da ciwo, har da na makon farko da aka saba yi wa 'yan tsaki. Ka raba takalmi, bokiti da shebur na ɗakin kaji da na garke, ka fara aikin safe daga ƙanana da masu lafiya ka ƙare da marasa lafiya. Idan an kwashe kaji, a kwashe su duka, a fitar da shimfiɗa, a wanke da sabulu kafin a fesa maganin kashe ƙwayoyi, domin ba ya ratsa datti, a wanke bututun ruwa, a bar ɗakin ya bushe kamar mako biyu. Takin a tara shi ya yi zafi sosai, a riƙa juya shi, nesa da maruƙa da inda suke shan ruwa. Zafin na rage bakteriya da ragowar magani ƙwarai ko da bai share su duka ba. Sabuwar dabba ta zauna a keɓe kafin ta shiga cikin sauran. Tunda Salmonella ce a maruƙan, yara ƙanana da masu ciki da tsofaffi su nisanci garken a yanzu, a tafasa nono, duk wanda ya taɓa su ya wanke hannu da sabulu, kuma wanda ya kama zawo da zazzaɓi a gidan ya gaya wa likita sakamakon gwajin dabbobin. Bayan zagaye biyu ko uku na kiwo a kan wannan tsari, ka sake kai samfuri ɗakin gwajin da ya yi na farko, ka roƙi su gwada magunguna iri ɗaya da na wancan karon, don ka iya ajiye takardun gefe da gefe.